Ƙullin Gyaɗa Goma Sha Biyu

Danda mai awon gyaɗa na Korgom mutum ne da Allah ya ba komai, ya hana shi kunne. Yana da rumbuna, yana da rediyo tun kafin kowa a garinmu ya ga rediyo, sikelinsa ya fi na kowa girma a kasuwa, kuma ƙanen maigari ne. Amma in magana ta fito daga bakin wanda ya raina, ko ita ce za ta cece shi, ba zai ɗauke ta ba. Ga riƙo. In ka taka shi bana, zai jira ka har baɗi. Ni Fatsuma na fi kowa sanin haka, don ni na taka shi, kuma takawa ta gaske, da ƙafa.

Shekaru biyar ke nan kafin Nasara su ba mu ƙasarmu. Na kai buhun gyaɗata wurin awo. Sikelin Danda irin na ratayawa ne, ana saƙala buhu a ƙugiya, allura ta juya. Ni ban san baƙi ba, ban san lamba ba, amma ni na ɗauko buhun nan a kaina daga gona, wuyana ya san nauyinsa. Da ya faɗi abin da ya gani, sai na dubi ƙasa. Babbar rigarsa ta rufe ƙafarsa, amma gindin buhun bai yi lilo ba kamar yadda abin da aka rataya yake yi. Ashe bayan ƙafarsa ya sa yana tallafe buhun. Na matsa kusa, na ɗora diddigena a kan yatsunsa, na danna da dukkan nauyina. Ya yi ƙara ya janye, buhu ya sauka, allura ta yi tsalle.

Na ce, “Danda, sake karanta min. Ga alama gyaɗar tawa ta yi ƙiba yanzu-yanzu.”

Kasuwa ta fashe da dariya. Har Fulani masu tallar nono suka ajiye ƙwarya suna riƙe ciki. Danda bai yi dariya ba. Ya biya ni daidai, ya dube ni ya ce, “Tsohuwa, kin ci wannan.”

A wancan lokacin ni da jikana Namadi kaɗai muka rage a gida. Ubansa, ɗana Ɗan Baba, ya rasu, uwarsa ta yi aure can wajen Mayahi ta bar min shi. Shekararsa bakwai. Shi ke kora min tsuntsu, shi ke bin bayana yana rufe ramin shuka, kuma shi nake jira ya girma ya karɓi fartanya daga hannuna.

Da damina ta wuce sai gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo daga Tasawa da takardar kumandan, Baturen mulki: ana son yara biyu daga garinmu a kai su lakwal, makarantar boko. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A zamanin nan ba wanda yake ba da ɗansa da son rai. Ana ɓoye yara a cikin rumbu, ana tura su rugar Fulani. Wanda maigari ya nuna gidansa, to ko dai ba shi da kowa, ko kuma yana da maƙiyi a fada. Ni ina da duka biyun. Danda ya sunkuya a kunnen wansa, sunan Namadi ya fito.

Yaro na biyun da suka nuna an riga an gudu da shi daji. Gardi ya gaji da jira, rana ta yi zafi. Yana juyawa sai ya hangi wani yaro mai tsabtar riga yana leƙe daga zauren Danda. Ya ce, “Wancan fa?”

Danda ya ce, “A’a, wancan ɗana ne.”

Gardi ya ce, “Madalla. Ɗan gidan sarauta ya fi kyau da lakwal.” Ya sa aka kamo shi. Abdurrahamane ke nan, ɗan farin Danda, sa’an Namadi.

Aka ɗora su biyu a kan jaki ɗaya. Ban yi kuka ba. Na bi su har bakin gari, na dawo na tsaya a ƙofar Danda, na ce masa a gaban mutane, “Ka ɗauke min hannuna na dama don ka ga na roƙi abinci. Ba zan roƙa ba. Kuma abin nan da ka jefa jikana a ciki, da shi zan rama. Ban san yadda za a yi ba tukuna, amma ina da rai.”

Ya ce, “Tahi ki yi noma, tsohuwa. Ciyawa na jiranki.”

Na tafi na yi noman. Shekara shida ina noma ni kaɗai, yaran suna Tasawa wurin wani malami da ake kira Mushe Ishaƙu. A cikin shekarun nan duniya ta juya. Nasara suka tafi, ’ya’yanmu baƙaƙe suka zauna a kan kujerunsu, kuma duk wanda ya zauna ɗan lakwal ne. Waɗanda suka ɓoye ’ya’yansu a rumbu suka fara cizon yatsa. Danda kuwa ya fara yawo yana cewa ai shi da kansa ya kai ɗansa, don ya hango abin da ke zuwa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da ba ta yi min daɗi ba. Abdurrahamane ya fi Namadi kai. Abin da aka faɗa sau ɗaya ya riƙe. Namadi nawa kuwa sai an faɗa sau uku, ya je ya kwana da shi, sannan ya zauna masa. Duk da haka su biyun suka ci jarrabawa, aka tura su kwaleji a Maraɗi, karatun shekara huɗu. Kuma abokai ne. Wannan ma bai yi min daɗi ba, amma ban hana ba.

Da takardar Namadi ta farko ta zo daga Maraɗi, na ɗaure ta a bakin zane na taka har Tasawa wurin Mushe Ishaƙu. Na ce, “Mushe, ban zo gaisuwa ba. Bayan Maraɗin nan, sai ina?”

Ya ce, “Inna, wanda ya yi fice sai babbar makaranta a Yamai, lise. Gwamnati ke ciyar da shi. Daga can ake zama likita, ake zama babban ma’aikaci. Amma ’yan kaɗan ake ɗauka. Sauran kowa ya kama gabansa.”

Na ce, “Da mi suke aunawa?”

Ya yi murmushi. Ya ce akwai babbar jarrabawa a ƙarshen shekara ta huɗu, birbe, amma ita takardar shaida ce kawai. Masu zaɓen waɗanda za su Yamai littafi suke buɗewa. Kowace shekara zango uku ce. Kowane zango ana haɗa duk aikin yaro a fitar da lamba ɗaya, daga babu zuwa ashirin, a rubuta a littafin. Ranakun da bai zo ba ma ana rubutawa. Shekara huɗu, lamba goma sha biyu, kuma na shekarar ƙarshe sun fi nauyi.

Na ce, “Wato ba ranar kasuwa suke duba buhu ba. Tun daga shuka suke bin gonar.”

Ya ce, “Inna, da kin shiga lakwal da mun sha wahala.”

Na ce, “Bar zolaya. Nawa ya samu?”

“Goma sha uku da rabi.”

Akwai gyaɗa a ƙullin zanena, guzurin hanya. Na ƙirga ƙwaya goma sha uku, na ɗauki ta sha huɗu na raba ta biyu yadda Allah ya tsaga ta, na cinye rabi, na ƙulle sauran a tsumma. Wannan shi ne littafina. Tun daga ranar, duk takardar da ta zo sai na kai a karanta min, na ƙulla ƙwayoyinta na jefa a wata tsohuwar tukunya, na zuba toka don ƙwari. Kuma ba ƙulli ɗaya nake yi ba. A kwaleji ana karanta sakamakon kowa a gaban aji, don haka in Namadi ya zo hutu nakan tambaye shi na Abdurrahamane. Na jikana a farin tsumma, na ɗan Danda a baƙi.

Ga inda Danda ya fara haƙa wa kansa. Ana komawa makaranta daidai lokacin cirar gyaɗa, kasuwar awo kuma tana buɗewa bayan haka kaɗan. A shekarun nan gyaɗa ta yi albarka irin wadda ba mu taɓa gani ba, buhuna har sama, kamyo, manyan motocin kaya, na shiga na fita. Danda ya ga yana da ɗa mai jin Faransanci, mai iya tsayawa da wakilin kamfani ya yi magana ba tafinta. Sai ya riƙe shi. Ya aika Maraɗi wai yaro ba shi da lafiya. Sai an ci kasuwa ta lafa, wata ɗaya ko fiye, sannan ya sake shi. Yaro ya isa an yi nisa, an yi gwaje-gwajen da ba ya nan.

Baƙin ƙulli na farko, ƙwaya bakwai. Na biyu, sha shida. Na uku, sha bakwai. Shekara ta biyu haka, ta uku haka. Duk zangon kaka ƙullin yaron nan kamar na mabaraci, sauran biyun kuwa har tsumma na neman yagewa.

Mutane sun yi wa Danda magana. Amsarsa ɗaya ce: “Ni ɗan kasuwa ne. Ba wanda ya taɓa tambayata ran da anka shuka gyaɗa. A kawo buhu, a rataya, allura ta faɗi gaskiya. Ran babbar jarrabawa ɗana zai hau sikeli, ku zo ku gani.”

Ni kuwa tawa gyaɗar ni nake cirarta. Shekarata ta haura sittin, bayana ya fara lanƙwashewa. A shekara ta biyu Namadi ya ga haka, ranar komawa ya ɓoye akwatinsa ya ɗauki fartanya. Ya ce, “Kaka, kwana goma kawai. In mun cire sai in tahi. Ai Abdurrahamane ma yana nan.”

Na ɗauki muciya. Na ce, “Maigidana, in ka ga na bar ka ka kwana a gidan nan yau, to gawata ce a ɗaki. Ɗauki akwatinka.”

Ya ce, “Haba amarya, korar miji da muciya?”

Na ce, “Mijin da ba ya kawo sha huɗu ba na son shi.” Na kora shi har bakin hanya, na tsaya sai da kamyo ya ɓace. A shekarar, kashi ɗaya cikin uku na gyaɗata a ƙasa ya ruɓe don ban kai gare shi ba. Ban gaya masa ba.

Sau ɗaya ya kawo min tara. Ya shiga ƙungiyar masu buga ƙwallo, karatu ya sha kashi. Da ya zo hutu na dafa tuwo da miyar kuka har da man shanu, na zauna na ci nawa. Shi kuma na ajiye masa akushi a rufe. Ya buɗe, ya tarar da ƙwayar gyaɗa tara.

Ya ce, “Kaka, mi ke nan?”

Na ce, “Abin da ka noma. Ci ka ƙoshi.”

Bai sake kawo ƙasa da sha uku ba.

Da shekara ta uku ta ƙare na koma wurin Mushe Ishaƙu da ƙulli tara farare, tara baƙaƙe, na baje masa a kan tabarma. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya ji daga Maraɗi cewa biyar za a ɗauka daga ajinsu, kuma Namadi yana nan a bakin layi, yau na biyar, gobe na shida.

Na ce, “Ɗan Danda fa?”

Ya ce, “Yana bayansa kaɗan. Amma in ya koma kan lokaci bana, ya yi zango uku cikakku irin yadda ya iya, zai wuce Namadi. Ba shakka a ciki.”

Na tattara ƙulle-ƙullena na dawo gida.

Kwana uku kafin komawa makaranta na haɗu da Ramatu, matar Danda, uwar yaron, a bakin rijiya. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa yi min komai ba. Fuskarta a sake. Ta ce, “Inna Fatsuma, ki taya ni murna. Daraktan kwalejin ya rubuto wa maigida wasiƙa mai zafi, yaron ma ya durƙusa ya roƙe shi har da hawaye. Ya yarda. Gata za su tahi tare da Namadi.”

Na ce, “Allah ya sa alheri.” Na ɗauki tuluna.

A hanya na auna abin. In yaron ya tafi, jikana ya faɗo, Danda ya ci ni sau biyu. Ba ni da doki, ba ni da ɗan’uwa a fada, ban iya rubuta wa darakta wasiƙa ba. Abu ɗaya nake da shi: na san Danda. Na san shi kamar yadda na san bakin tukunyata.

Washegari ranar kasuwar Korgom ce. Na yi wanka, na ɗaura zanena na fita kunya, na jira sai da rumfarsa ta cika da manoma da ’yan kamasho. Yana zaune a kan kujera ana gyara sikeli, Abdurrahamane na tsaye a gefensa. Na tsaya a tsakiyar rumfar na ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

Na ce, “Danda, na ji ka yi hankali. An ce za ka saki yaron nan ya koma lakwal kan lokaci. Ka kyauta. Shekara uku ina faɗi a gari cewa lambar kowane zango ake tarawa, ba ranar jarrabawa kaɗai ba. To ga shi yau ka bi maganata. Da ka ƙi, da jikana ya taka ɗanka kamar yadda na taka ka.”

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a kan lambobin. Sai wani can baya ya ƙyalƙyale da dariya, ya tuna da ƙafa. Na ga jijiyar wuyan Danda ta tashi.

Ya ce, “Maganarki? Ke? Tsohuwar da ba ta san alif ba ita za ta koya min lakwal?”

Abdurrahamane ya ce a hankali, “Baba, don Allah…”

Ya ce, “Rufe min baki!” Ya miƙe tsaye. “Ku shaida, jama’a. Ɗana ba ya tahiya jibi. Ba ya tahiya sai an rufe kasuwar gyaɗa, buhu na ƙarshe ya hau mota. Kuma ran jarrabawa zai wuce jikan wannan matar, ko ban haihu cikin uwata ba.”

Yaron ya dube ni. Na juya na tafi sayen gishiri.

Danda ya cika alkawarinsa, don mai girman kai ba ya janye abin da ya faɗa a kasuwa. Ramatu ta yi kuka, liman ya je, Mushe Ishaƙu ya hau keke tun daga Tasawa ya zo ya koma. Yaron bai ga Maraɗi ba sai da zangon farko ya ƙare ɗungum. Danda ya kai shi da kansa, ya rantse ciwo ne ya kwantar da shi. Malaman suka karɓe shi don suna tausayin basirarsa. Amma littafi ba ya tausayi. Baƙin ƙulli na goma, tsumma na ƙulla ba komai a ciki.

Da Namadi ya zo hutu ya riga ya ji abin da ya faru. Bai zolaye ni ba, bai kira ni amarya ba. Ya ce, “Kaka, da gangan kika yi.”

Na ce, “Da gangan.”

“Abokina ne. Shi ke koya min lissafi in na kasa.”

Na ce, “Na sani. Na faɗa wa ubansa gaskiya a gaban shaidu. Kunnensa nasa ne. Kai kuma saura zango biyu, ka kawo min sha biyar.”

Ya kwana biyu bai ci tuwona ba. Amma ya kawo sha huɗu da rabi, ya kawo sha biyar.

Aka yi birbe. Sakamako ya fito, kuma abin da Danda ya faɗa ya tabbata: Abdurrahamane ne na ɗaya a ajinsu duka. Namadi ya ci, amma can tsakiya. Danda ya yanka rago biyu, ya kira makaɗa, ya sayo akwatin ƙarfe mai fenti daga Maraɗi don tafiya Yamai. Ya sa makaɗan suka bi ta ƙofar gidana sau uku. Ya aiko min da ƙafar rago, ƙafa kawai, da kofato. Na karɓa, na babbake, na yi miya da ita. Ta yi daɗi.

Muka jira wata biyu. Damina ta yi nisa, gyaɗa ta rufe ƙasa. Ran nan aka ce an manna takardar waɗanda za su Yamai a bangon ofis a Tasawa. Danda ya tafi da ɗansa da mutum huɗu masu rakiya. Ni na tafi a ƙafa, na tarar da Mushe Ishaƙu a wurin. Na ce ya karanta min, da ƙarfi, don kunnena ya fara nauyi. Kunnena lafiya lau yake.

Ya karanta suna huɗu. Ya tsaya ya share gilashinsa. Na biyar, Namadi Ɗan Baba, Korgom.

Danda ya ce, “Ci gaba.”

Mushe ya ce, “Shi ke nan, biyar ne.”

“Duba baya.”

“Bango ne a baya, Danda.”

Washegari Danda ya hau mota zuwa Maraɗi. Ya shiga wurin darakta yana faɗa, wai ɗansa ne na ɗaya, an yi masa zamba. An ce daraktan bai yi musu da shi ba. Ya ɗauko littafin ya buɗe, ya sa Abdurrahamane da bakinsa ya karanta wa ubansa lambobin ɗaya bayan ɗaya, da ranakun da bai zo ba, ya fassara masa da Hausa. Ya kuma fito da kwafin wasiƙar da ya rubuta masa. Na shida yaron ya zo. Tsakaninsa da Namadi bai kai ƙwaya ɗaya ba.

Na bari sai da kaka ta yi, kasuwar gyaɗa ta buɗe, Namadi ya riga ya tafi Yamai da tsohon akwatinsa na katako. Na juye tukunyata, na kaɗe toka, na ɗauki baƙaƙen ƙulli goma sha biyu na nufi rumfar Danda. Cike take kamar waccan ranar. Abdurrahamane na tsaye wurin sikeli da fensir a kunne.

Danda ya ce, “Mi kika kawo kuma? Ba na sayen gyaɗarki.”

Na ce, “Ba tawa ba ce. Taka ce, ajiya na yi maka.”

Na jera su a kan buhu, uku-uku, layi huɗu. Na kwance su. Na ce, “Wannan karatun ɗanka ne na shekara huɗu. Dubi waɗannan takwas ɗin. Sha shida, sha bakwai, sha bakwai. Ba yaron da ya taɓa fita daga ƙasar nan da kai irin wannan. Jikana bai taɓa kawo min ko ɗaya kamarsu ba. Yanzu dubi na farkon kowane layi.” Na nuna da yatsa. “Bakwai. Shida. Biyar.” Na ɗaga na ƙarshen, na kaɗa tsumman a iska, ba abin da ya faɗo. “Waɗannan huɗun ba darakta ya cinye su ba, ba ni ba ce. A rumfar nan aka cinye su. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka tallafe buhuna da ƙafa don ya yi sauƙi. To ga buhun ɗanka, shi ma ka sa masa ƙafa.”

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Danda ya zauna a kujerarsa kamar an zare masa ƙashi. Abdurrahamane ne ya matso, ya tattara ƙwayoyin a hankali, ya ƙulle kowanne yadda yake, har da wanda ba komai, ya zuba a aljihu.

Ya ce, “Inna, in riƙe su?”

Na ce, “Naka ne.”

Ya ce, “Ran da kika zo rumfar nan, kin san abin da zai yi.”

Na ce, “Na sani.”

Ya gyaɗa kai, ya koma wurin sikeli, ya ce wa manomin da ke jira, “Rataya.”

A wurin sikelin ya zauna. Bayan ’yan shekaru fari ya zo, ciwo ya shiga gyaɗa, kamyo suka daina zuwa, sikelin ya yi tsatsa a rataye. Akwatin ƙarfen nan mai fenti Ramatu ta mai da shi wurin ajiye gero. Danda ya rayu ya ga Namadi ya dawo likita, har ya kwanta a gabansa aka duba masa ƙafa, amma bai sake haɗa ido da ni ba har ya koma ga Allah. Na rama, kuma ban taɓa cewa ban ji daɗi ba. Abu ɗaya ne ban iya haɗiyewa ba har yau. Duk inda Abdurrahamane ya gan ni sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi kayan da ke kaina. Da zagina yake yi da ya fi min sauƙi.

To, ku masu ’ya’ya a makaranta, da ku ’ya’yan, ku ji. Babbar makaranta ba ranar jarrabawa take zaɓen mutum ba. Kowane zango ana ƙulla maka ƙullinka a ajiye, wanda ka cika da wanda ka bari wayam, kuma ranar zaɓe duka za a kwance, ba wanda zai koma ya cika na baya. Kada uba ya ciro ɗansa daga aji don kasuwar wata ɗaya, kasuwa za ta watse ta bar shi da yaron. Kada mai kaifin kai ya raina mai zuwa kullum. Kuma in gaskiya ta zo maka, ka karɓe ta ko daga bakin wanda ka fi ƙi ta fito, don wanda ya san ba ka jin magana ba ya bukatar makami a kanka, gaskiyar kawai zai faɗa maka. In kuwa manya biyu za su yi gaba, su yi ta da jikinsu. Ni da Danda mun yi tamu a kan yara, kuma wanda ya biya bai taɓa taka kowa ba.